Ranar da Hajiya Mero ta Ɓata a Cyprus

'Yan uwa, duk wadda ta taɓa durƙusawa har ƙasa ta gaida uwar saurayinta, aka amsa mata da "lafiya" guda ɗaya tak ba a ko ɗago kai ba, ta matso kusa. Ita za ta fi kowa gane labarin nan nawa.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Mahfuza, 'yar Gandun Albasa a Kano. A tsibirin Cyprus na karanta haɗa magunguna, yanzu ina aiki a wani kemis a Al Nahda, nan Dubai. Wanda nake so kuma Muhyiddeen ne, injiniya a wani kamfani a Jebel Ali. Yana da hankali, yana da addini, Abbana ma ya yaba da shi ta waya. Matsalarmu ɗaya ce, mahaifiyarsa Hajiya Mero.

Hajiya 'yar kasuwa ce ta gaske, mai safarar abaya da gwal tsakanin kasuwar Deira ta nan Dubai da Kantin Kwari. In ta shigo Dubai a gidan ɗanta take sauka, a Al Muraqqabat. Ba ta taɓa zagina ba. Abin da ta ce kawai, wanda ya zagayo ya dawo kunnena, shi ne: "Yarinyar da ta yi shekaru a ƙasar Turawa, ba uwa ba uba, wa ya san irin zaman da ta yi?" Shi kuwa Abba haƙurinsa ya ƙare. Ya ce min, "Mahfuza, in damina ta wuce mutanensa ba su zo ba, ki tattaro kayanki ki dawo gida. Ba zan bar ki a ƙasar mutane kina jiran gawon shanu ba."

Wata Juma'a cikin Yuli Muhyiddeen ya ce Hajiya ta sauka, in zo in gaishe ta. Na sa baƙar abaya, na cire, na ce za ta ce na zama Balarabiya. Na sa leshi, na cire, na ce za ta ce na cika iyayi. Ƙarshe na tsaya a kan atamfa ruwan ƙasa, riga da zani, da babban mayafi. Ko janbaki ban shafa ba, kwalli kawai. Daga tashar metro ta Al Rigga zuwa ƙofar gidan sai da zafi ya manna min rigar a baya.

Na same ta a kan kafet ta baje abayoyi tana ware na masu oda.

"Hajiya ina wuni? An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya."

Autarsu Muhsinat, wadda ta gama digiri a bana, tana kwance kan doguwar kujera da waya a hannu. Ita ce ta cece ni daga shirun.

"Anti Mahfuza, ke da kika zauna a Cyprus, wane irin kaya zan ɗauka? Bizarmu ta fito, ni da Hajiya za mu can garin Girne wata mai zuwa. Kyautar gama makaranta Yaya ya yi min."

"Agusta?" na ce. "Da za ku ɗaga zuwa Oktoba da kun fi jin daɗi. A Agusta duk masu yawon buɗe ido can suke juyewa, bakin tashar jiragen ruwan nan ba masaka tsinke, ga rana. In kuma ya zama dole, ku riƙa fita bayan Asuba ku dawo kafin rana ta take. Da yamma kuma ku bar cikin gari, ku nufi ƙauyukan gabas, can ne za ku ga teku sosai."

Muhsinat ta tuntsire da dariya. "Ƙauye? In bar Dubai, in hau jirgi biyu, in je ƙauye? Ai da Ɗambatta na tafi. Ni inda mutane suke nake so, a san na je."

Sai a lokacin Hajiya ta ɗago ta dube ni.

"Mu da muka yi ɗawafi a goman ƙarshe na azumi, wane cunkoso kuma za a ba mu labari? Ke dai da kika san lungu-lungu na garin, ai sai ki riƙe saninki."

Wallahi maganar ta shige ni har ƙashi. Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ina cikin metro saƙon Muhyiddeen ya shigo: "Ki yi haƙuri habibti, ba haka take nufi ba." Na rubuta masa "Ba komai." Mata kun san irin wannan ba komai ɗin.

Agusta ya zo suka tafi. Kullum ina ganin hotunan Muhsinat a waya, ita a gaba da gilashin rana, bayanta kawunan mutane kamar kasuwar Kurmi ana jajibirin salla. Hajiya kuwa in ta fito a hoton fuskar nan a murtuke.

Ran nan da la'asar ina kan kanta ina yi wa wani ɗan Pakistan bayanin maganin tari, sai na ji waya na ta rawa a aljihun farar rigata. Ta katse, ta sake. Na duba, Muhyiddeen ne, kuma ba ya kirana lokacin aiki. Na roƙi abokiyar aikina ta karɓe ni, na shige sito.

"Mahfuza, Hajiya ta ɓata."

"Innalillahi! Ta ɓata kamar yaya?"

"Muhsinat ta ajiye ta a bakin tashar nan ta je ɗaukar hoto, ta dawo ba ta gan ta ba. Motocin 'yan yawo sun sauke mutane, wurin ya cika. Tana ɗaga waya, amma ba ta iya faɗin inda take, sai ta ce ko'ina mutane ne. Muryarta ma ba ta yi min ba."

Na san Hajiya na da ciwon suga. "Ta ci abinci?"

"Muhsinat ta ce tun safe shayi kawai ta sha, wai ba ta yarda da naman otal ɗin ba."

"Allurarta fa?"

"Ta yi."

Allura ba abinci, ga rana, ga tafiya. Na ce ya turo min lambarta maza, ya kuma ce wa Muhsinat ta tsaya wuri ɗaya ta daina kuka.

Tana ɗauka hayaniya ta cika min kunne, kiɗa, ihun yara, ƙarar jiragen ruwa.

"Wa ke magana?"

"Mahfuza ce, Hajiya."

Ban jira amsarta ba na ci gaba.

"Hajiya, jikinki na rawa? Kina gumi?"

"Idona ne ke ganin abu bibbiyu," ta ce, maganar na jan ƙafa. "Mutane sai ture ni suke."

"Ki dubi gefenki, akwai shago?"

"Ga wani tsoho nan yana sai da kofuna da carbi."

"Miƙa masa wayar."

"In ba baƙo wayata ya gudu da ita?"

'Yan uwa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata, shi na yi. Na ɗaga wa Hajiya Mero murya.

"Hajiya, miƙa masa yanzu! Don girman Allah!"

Sai na ji muryar namiji. Na juya harshe zuwa Turkanci, yaren mutanen wurin, wanda rabona da shi tun da na baro tsibirin, amma ya zo min kamar jiya na ajiye. Na ce masa, "Kawu, matar nan uwata ce, sugarta ce ta yi ƙasa. Ka zaunar da ita a inuwa, ka ba ta lemo mai zaƙi ko shayi da sukari da yawa, yanzu-yanzu." Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ko tambaya bai yi ba. Ina ji yana jan kujera, yana ƙwala wa maƙwabcinsa kira. Ya faɗa min shagonsa na cikin wani siririn lungu bayan tsohon masallaci, na gane wurin sarai, na kwatanta wa Muhsinat ta saƙon murya. Ban ajiye wayar ba sai da na ji Hajiya ta ce, da muryarta ta ainihi, "Ke Muhsinat, Allah ya shirye ki."

Na zauna kan wani kwali ina ta hamdala.

Bayan Magariba ina gida ina dafa taliya sai ga kiranta. Ita da kanta.

"Gobe zan sa a canza min tikiti," ta ce, ba sallama mai tsawo. "Khalas, shi ke nan, na gaji. Wai an zo ganin teku, ni ban ga teku ba sai bayan mutane ba sutura. Ko wurin da zan shimfiɗa sallaya babu."

Da na bi ta zuciyata da na ce Allah ya kiyaye hanya. Amma sai na ji bakina na cewa, "Hajiya, ki ba ni gobe kawai. In ba ki ji daɗi ba, jibi sai ki taho."

Ta ja numfashi. "To, mu ji."

Ko da nake makaranta ban zauna a ɗakin ɗalibai ba. Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa a wani ƙauye gabas da Girne, a jikin dutse, teku na ƙasansa. Nazife Teyze muke ce mata, teyze ɗin nan kamar a ce inna ne a yarensu. Na kira ta, sai da ta gama yi min faɗan na daɗe ban neme ta ba, sannan ta ce, "Kawo min su. Maƙwabcina mai tasi zai ɗauko su."

Washegari ba ni da aiki. Ana idar da Asuba a can mai tasi ya ɗauke su, tun garin bai farka ba. Ina shanya kaya a baranda sai ga kiran bidiyo daga Muhsinat.

"Anti! Anti, kalli!"

Ta juya wayar. Wani ɗan lungun teku ne tsakanin duwatsu, ruwan garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasa, rana ta fara leƙowa. Ba kowa sai wani masunci can nesa. Ga Hajiya Mero a bakin ruwa, ta cire takalmi, ta ɗan tattare abaya, igiyar ruwa na zuwa tana taɓa mata ƙafa tana komawa.

"Ashe haka abin yake," na ji tana faɗa, ba da kowa take ba. "Tabarakallah. Ashe haka yake."

Ita kuma mai cewa da Ɗambatta ta tafi, sai juyi take tana cewa hasken nan ya fi na ko'ina kyau a hoto.

Da hantsi suka sake kira daga gidan Teyze. Na ga tsakar gidan da na sani, inuwar inabi, bishiyar ɓaure, tsohuwar kujerar da nake karatu a kai. Teyze da maƙwabtanta biyu sun zauna sun kewaye tulin ganye suna tsinkewa suna zubawa a kan farin zanin gado. Hajiya ta ɗauki reshe ɗaya ta murza ta shinshina.

"Ke Mahfuza, wannan ba lalo ba ne?"

"Shi ne Hajiya. Molehiya suke ce masa. Yanzu ne lokacinsa, suna shanyawa su ajiye na shekara."

"Ikon Allah! Turawa da miyar lalo?"

Kafin in ce wani abu ta ja kujera ta zauna a cikinsu, ta naɗe hannun abaya, awarwaron gwal na ƙara, ta kama tsinka. Hannunta ya fi nasu sauri, matan suka yi ta dariya suna tafa mata. Ba mai jin yaren wani, amma hira ake. Suka ci ɓaure da burodi mai zafi, Teyze ta yanka kaza a gabanta da bisimilla don hankalinta ya kwanta. Azahar ma tare suka yi a ƙarƙashin inabin.

Bayan salla Muhsinat ta jingina wayar da tulun ruwa don in yi musu tafinta. Teyze ta kama hannun Hajiya ta ce a tambaye ta, ita ce uwar yaron da ke neman 'yarta? Na fassara da ƙyar. Hajiya ta ce ita ce.

Sai Teyze ta gyara zama ta fara magana. Ta nuna ƙofar ɗakina, ta nuna ɗakin marigayi mijinta, ta dafa ƙirji. Labarina take bayarwa, tun daga ranar da na zo da akwati ɗaya. Abubuwan da ni kaina na manta sai da ta tono, har da wanda na so a ce ta manta. Tana yi tana share hawaye da gefen ɗankwali, maƙwabtan na gyaɗa kai.

Ta gama, duk suka juyo suna kallon wayar.

Ku faɗa min don Allah, da wane baki zan zauna in yabi kaina a gaban surukar da ba ta ma karɓe ni ba? Kunya ta rufe ni.

"Ta ce... tana yi muku barka da zuwa, kuma ta ji daɗin ganinku."

Hajiya ta matso da fuskarta har ta cika wayar. "Duk wannan dogon zancen har da kuka, barka da zuwa ne?"

"Haka yarensu yake Hajiya, yana da tsawo."

"Hmm," ta ce.

Ba ta canza tikiti ba. Sauran kwanakin ma haka suka yi su, fita da sassafe, barci da rana, yamma a ƙauye. Sau biyu suna komawa gidan Teyze ba tare da an neme ni tafinta ba. Ni dai na ce ko iya nan aka tsaya na gode Allah, na fita kunyar Muhyiddeen.

Ranar da za su dawo ya turo min saƙo: "Hajiya ta ce in taho da ke filin jirgi." Na karanta ya fi a ƙirga. Wannan karon ban tsaya shawara da madubi ba, na zura abayata ruwan toka na fito.

Suna fitowa na karɓi jakar hannunta na gaishe ta. Ta ce, "Lafiya lau, Mahfuza. Ya aiki? Ya zafi?" Muhyiddeen ya dube ni, na dube shi. A wajen mota na nufi baya zan zauna gefen Muhsinat, sai Hajiya ta ce, "Auta, koma gaba wajen yayanki. Ke zo nan."

Mun hau titi ta ɗora min wata leda a cinya. Busasshen lalo ne, da ɓaure, da cukunsu mai gishiri. "Saƙon uwarki ta Cyprus ne," ta ce. Sannan ta ciro wayarta tana jujjuya ta.

"Kin san ni 'yar kasuwa ce. Shekara nawa ina ciniki da Larabawa da 'yan China, ban taɓa yarda da tafinta ɗaya ba. Ranar da tsohuwar nan ke magana, wayata na kan cinyata tana ɗauka."

Na ji kamar kujerar ta nutse da ni.

"A filin jirginsu na samu wani ɗan Arewa mai jin yarensu, na ce zo nan ɗana, saurari wannan ka faɗa min tsakaninka da Allah." Ta juyo ta fuskance ni. "Ashe mijinta shanyewar ɓarin jiki ya yi, ke kike auna masa jini kina ba shi magani har ya cika? Ashe hutu biyu kika ƙi zuwa gida don kada ki bar ta ita kaɗai da takaba? Ta ce ba ta taɓa ganin Magariba ta same ki a waje ba. Ta ce ta bar azumi shekara da shekaru, ganinki kina tashi sahur ke kaɗai ya sa ta koma. Shi ne za ki ce min barka da zuwa?"

Hawaye suka zubo min.

"Na zarge ki da abin da ban gani ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Zato zunubi. Ki yafe min."

"Hajiya, ba ki yi min komai ba."

"Na yi. Kuma kin daka min tsawa a waya, shi ma ban manta ba." Ta yi dariya, Muhsinat ta taya ta. "Tun a Istanbul na kira Alhaji Ɗalhatu, ƙanin babansu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za su je wajen mahaifinki. Ki faɗa masa ya saurare su."

Muhsinat ta saki guɗa a cikin motar nan kamar a Kano muke. Muhyiddeen na ta faɗin "Alhamdulillah, Alhamdulillah," har ya kusa wuce kwanar Deira. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi, ina kuka ina dariya, warin lalo da ɓaure na shigar min hanci. Wallahi 'yan uwa, da za a tsaga ƙirjina a lokacin da an ga farin ciki tsagwaronsa.

Muna tsaye a danja Hajiya ta taɓa ni.

"Af, na manta. Yaron da ya fassara min ya ce in gaishe ki. Da aka zo wajen da tsohuwar ke cewa ta kori wani mai babur da tsintsiya don ya dame ki da sintiri, sai ya yi dariya ya ce ai shi ne. Zailani sunansa. Jirgi ɗaya muka shigo, wai ya samu aiki a nan Dubai."

Zailani. Ɗan Zariyan da ya yi shekara guda yana bina a makaranta ina ce masa a'a, wanda ban taɓa ba Muhyiddeen labarinsa ba don ban ɗauke shi labari ba.

Muhyiddeen ya rage rediyo. Na ga idonsa a madubi.

"Wane ne Zailani?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Kai dai kalli titi, an ba ka hannu. 'Yata ce yanzu. In kana da tambaya, ta wajena za ka biyo."

Motar ta tashi. A cikin jakata kuma waya ta fara rawa, na leƙa a hankali, baƙuwar lamba ce, ta Cyprus.